Radish ba ya jiran mai saye

Ka aiko kana tambaya ta wane taki za ka ƙara wa radish ɗin da ka shuka a bayan gidanku, wato kayan lambun nan na Turawa mai sa kai a ƙasa, ja ko fari, da ake ci ɗanye. Ka ce ganye ya yi shar ya rufe fangali, amma in ka tuge sai ka tarar da 'yar saiwa siririya, 'yan ƙalilan da suka sa kai kuma yaji ya hana a ci su, cikinsu fanko. Sai can a ƙarshen saƙon ka liƙo wata magana kamar ba komai ba, wai wani mai gidan abinci ya ce ka noma masa da yawa, zai kwashe duka.

Yaro, kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya ta taki. Takin ne ma ya kai ka inda kake. Ban ga fangalin ba, amma na san yuriya ka watsa masa, don ku 'yan yanzu duk abin da ya yi kore a wurinku ya yi kyau. Yuriya abincin ganye ce. Ka ba alayyahu, ka ba latas, su da ganyensu ake saye. Radish kuwa ƙasa ake so ya yi aiki, in ka cika shi da yuriya sai ya tattara ƙarfinsa duka ya kai sama. Ruɓaɓɓen takin gida da ya kwana biyu, wanda ya yi baƙi ya daina wari, shi kaɗai ya ishe shi, kuma tun wajen kaftu ake cakuɗa shi da ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ƙona shi yake yi, ya sa saiwar ta rabu biyu.

Kuma yaushe ka shuka? A watan Maris. Na san inda ka samo wannan. Ka kalli wani Bature a waya yana shuka a Maris ko Afrilu, ko ka karanta bayan takardar irin, ka bi. A ƙasarsu lokacin ne sanyi ke janyewa ƙasa ta saki. Mu a Kano watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Radish kuwa ɗan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 20. Da zafi ya buge shi sai ya ƙi sa kai, ya miƙe ya fid da kara ya yi fure, wanda ya riga ya sa kan kuma ya ƙara yaji. Lokacinmu shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da hunturu ke kaɗawa. Mutanen Jos da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 su ne ke da sararin noma shi fiye da haka, shi ya sa za ka gan shi a kasuwar Farin Gada a lokacin da mu nan ko ganyensa ba mu da shi. Kai ba a Jos kake ba.

Da taki kaɗai ka tambaya da na tsaya nan. Maganar mai gidan abincin nan ce ta hana ni barci, don ta tono mini wani miki da har yau bai warke ba. Ka saurara da kyau.

Zamanin mulkin Abacha ne, lokacin da mai ya yi wuya, mota ke kwana a layi, mu masu injin ban ruwa sai dai mu saya a galan wurin 'yan bumburutu. A lokacin duk fadamarmu ba wanda ya kai ni iya kayan Turawa. Ba yabon kai ba ne, ka tambayi duk wanda ya yi zamani da ni. Kwarori, wato 'yan Labanan, da Indiyawa kan aiko kukunsu har lambu. Kwara jan nan ƙarami yake so, ya yanka a salak ko ya ci ɗanye da abinci. Ba'indiye da ɗan Sin kuma farin dogon suke nema. Fangali kaɗan nake yi musu, daidai abin da na san za su ɗauka.

Wata ranar Juma'a a cikin kaka sai ga wani mutum a mota, da babbar riga, da wani da muke sallah masallaci ɗaya ya rako shi. Ya ce shi ke kai kayan miya da ganye wani babban otal da wasu gidajen ma'aikatan kamfani, ana shirin Kirsimeti da sabuwar shekara, baƙi za su cika gari, yana son jan radish mai yawa, ya ji an ce ba kamata. Muka yi ciniki a kan ɗauri, muka tsayar da rana, kwana biyu kafin Kirsimeti. Na ce ya ajiye kafin alƙalami. Ya dafa ƙirji ya ce haba Malam, tsakanin Musulmi da Musulmi, ga kuma shaida a tsaye, ai ranar da zai zo da kuɗinsa a hannu zai zo. Wanda ya rako shi ya ce shi ya tsaya masa. Mutum ya rantse da Allah a gabanka ranar Juma'a, me za ka ce?

Rabin lambuna na ba wannan aiki. Wurin da na tanada don latas da kabeji, waɗanda ko an wayi gari ba Bature ɗaya a Kano zan sayar da su, shi na juya. Ragon da nake kiwo don Babbar Sallah na sayar na sayi iri na gwangwani da mai. Na ƙirga kwanaki daga ranar da ya ce zai zo na dawo baya, na shuka a ƙarshen Nuwamba, don jan nan kwana 25 zuwa 30 yake yi. Kwana huɗu ya tsiro, layi-layi, ba giɓi. Ni da yarana biyu muka duƙa muka rage shi da hannu. Sanyin asuba na shekarar nan har tsaga hannu yake yi, amma ban taɓa barin fangali ɗaya ya kwana da ƙishi ba.

Ranar da ta cika, ka zo ka ga kaya. Kowane ɗaya ya turo jan kafaɗarsa sama da ƙasa, fata sumul, ba tsaga. Na tuge ɗaya na wanke a bakin rijiya na gatsa, ya ce ƙaras, ruwa ya cika mini baki, cikinsa fari tas, yajin daidai wanda zai ɗan taɓa hanci ya wuce. Tunda nake ban taɓa fitar da radish kamar na wannan shekara ba.

Mutumin bai zo ba.

Lokacin babu wayar hannu a hannun talaka, sai a 2001 GSM ta shigo. Na hau keke na je inda ya ce ofishinsa yake, aka ce ya fita. Na koma, aka ce ya yi tafiya. Na je wurin wanda ya tsaya masa, ya ce in yi haƙuri, mutumin kirki ne, wata hidima ce ta riƙe shi. Kirsimeti ta wuce. Ni kuwa kullum da safe ina zagaya fangali ina kallon dukiyata tana lalacewa a tsaye. Abin da ba ku sani ba ke nan game da radish. Albasa in ta ƙosa ka cire ka shanya ka adana, ta yi watanni. Karas ka bar shi a ƙasa mako biyu bai damu ba. Radish in ya kai, kwanakin da yake ba ka ba su wuce na mako guda ba. Daga nan girma zai ci gaba da yi a ido, amma ciki yana bushewa, wasu su tsage, wasu su fara miƙo kara.

Sai bayan sabuwar shekara ya bayyana, da motar ɗaukar kaya da yaransa, yana fara'a. Bai ba ni haƙuri ba. Ya shiga fangali da takalminsa, ya tuge mafi girma, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya raba shi biyu a gaban yarana da maƙwabtan lambu da suka taru. Cikin ya zama kamar totuwar kara, fari busasshe mai ramuka. Ya ɗaga sama yana nuna wa mutane, ya matsa da babban yatsa ya lotsa, ya ce, "Malam, wannan ne noman da ake ta yabo?" Wallahi yaro, asarar kuɗin ba ta yi mini ciwon wannan kalma ba. Mutumin da bai san yadda ake riƙe fartanya ba, shi ya ɓata kayan da jinkirinsa, shi ne kuma ya tsaya a cikin lambuna yana koya mini noma.

Sannan ya ce don dai mutunci zai taimake ni, ya zaɓi masu ɗan dama-dama ya biya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da muka yi. Nan na gane komai. Ba hidima ce ta riƙe shi ba. Ya san abin da yake yi sarai. Ya san in ban da shi ba mai sayen wannan kaya da yawa haka a garin nan, ya san kuma kowace rana da ta wuce farashina faɗuwa yake. Daga baya na ji ashe ba ni kaɗai ya sa ba, ya bi wasu masu lambu ya yi musu irin wannan alkawari, ya ɗauki na Kirsimetinsa wurin wanda ya fi matsuwa a kan kuɗi kaɗan, ya bar sauranmu muna jira don ya zo ya tsince mu a araha.

Na ce masa albarka. Na ce ya fita mini daga lambu, ko ɗauri ɗaya ba zai ɗauka ba.

Washegari na zaɓi na kirki na cika kwanduna na kai 'Yan Kaba. Dillalai suka kewaye suna kallo. Wani ya ce wannan wane irin dankali ne, wata mata ta ɗauka ta gatsa ta tofar, ta ce a ba ta ruwa. Mutanenmu ba su san shi ba a lokacin, yanzu ma kaɗan ne suka sani. Kukun Kwarorin da na saba da su suka ɗauki abin da suka saba ɗauka, ɗauri biyu uku. Sauran awaki suka ci ganyen, kawunan na tara a rami suka zama taki. Shekarar nan ban yi layya ba, kuma latas ɗin da ban shuka ba ya yi tsada irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Bayan shekaru na haɗu da mutumin a wurin wani ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana tambayar ya lambu. Na amsa sallamarsa don hakkin Musulunci ne. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, ga naka mai gidan abincin. Ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne. Amma ka je ka tambaye shi ɗauri nawa yake amfani da shi a mako, ba nawa yake so ba. Ka tambaye shi ja ko fari. Ka karɓi rabin kuɗi kafin iri ya taɓa ƙasa, ku tsayar da ranar ɗauka a gaban shaidun da ba shi ya kawo su ba, ka gaya masa a fili cewa in ranar ta wuce da kwana uku kaya sun zama naka, kafin alƙalami kuma ya tafi. In ya ɓata rai don ka faɗi haka, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi tun yanzu. Ku da kuke da waya ma kun samu sauƙi, ka sa ya turo maka maganar a rubuce.

Kuma ko ya biya duka, kada ka shuka shi rana ɗaya. Wannan shi ne sirrin radish gaba ɗaya, a lambun kasuwa ko a bayan gida. Ka raba wurinka, ka shuka ɗan layi biyu ko uku wannan mako, bayan mako guda ko kwana goma ka ƙara wasu, haka har sanyi ya fara janyewa. Kullum kana da na cirewa, kullum kana da mai tasowa, ba kuma ranar da wani zai riƙe ka a wuya. Gidan da ke da mutum goma ma ba zai cinye fangali guda na radish a mako ba. Gram ɗaya na irin nan ƙwaya kusan 100 ne, ka ga ƙaramar takarda ɗaya ta ishi gida duk lokacin sanyi.

Yadda ake gyara fangali da jan layi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya yi wata ɗaya a lambuna ya san wannan, in kuwa bai sani ba to ba radish ne matsalarsa ba. Abin da na san za ka yi wa gaggawa shi zan faɗa. A inda zai zauna ake shuka shi, ba a dashensa, in ka dasa saiwar ta karye ba zai yi kai mai kyau ba. Zurfin santimita 1, rabin gaɓar yatsa. Tsakanin layi da layi taƙi ɗaya. In ya yi mako da tsirowa ka rage shi, ka bar faɗin yatsu uku tsakanin kowane biyu, wato santimita 5. Na san hannunka zai yi nauyi, za ka ga kamar asara ce ka tuge lafiyayyen tsiro. Tuge shi. Radish biyu da suka matsu da juna babu wanda zai sa kai a cikinsu. Ina kyautata zaton wannan ma yana cikin abin da ya same ka, don na san yadda kake watsa iri, da hannu sake.

Bayan gidan naku ma na san shi. Katanga ta gabas, ga mangwaro ta yamma. Wurin da rana ba ta yin awa shida a kansa ganye kawai zai ba ka. In babu fili mai rana, ka cika tsohon baho ko buhu da ƙasa mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, zurfin taƙi ɗaya ya ishi jan, ka huda ƙasan, ka ajiye a tsakar gida inda rana ke faɗa. Ka dai kare shi daga kaji. Farin dogon kuwa yana son ƙasa mai zurfi da aka tsince duwatsunta, kuma wata biyu yake yi, kada ka haɗa lissafinsa da na jan.

Ruwa shi ne inda ake gane mai lambu da mai wasa. Ba yawa yake so ba, dawwama yake so. Ƙasa ta kasance da danshi kullum. In ka bar shi ya bushe kwana biyu don ka tafi kallon ƙwallo, ka dawo ka malala masa ruwa don ka rama, zai sha da haɗama ya tsage. Wanda ya sha ƙishi kuma shi ne mai yajin da ka ce ya hana a ci. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa da sauri, don haka da safe ka ba shi, da yamma ka tura yatsa ka ji. Kuma ka tuna ɗanye ake cin abin nan. Ruwan rijiya ko na famfo za ka ba shi. Ruwan kwata da na wanke-wanke kada ya kusance shi. Ni duk tsawon zamana a lambu ban taɓa ba kayan da ake ci ɗanye ruwan lambatu ba, shi ya sa masu saye ke tsallake lambuna da yawa su zo nawa.

Za ka ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu tsalle suna huda ganyen, ko darɓa ta kama bayansa, don dangin kabeji ne, abin da ke cin kabeji yana cin sa. Na san abin da za ka yi, ka ruga shago ka sayo maganin feshi. Kada ka soma. Shukar da duk rayuwarta mako huɗu ce, yaushe gubar za ta fita kafin ta shiga bakin mutum? Ka barbaɗa toka da sassafe sa'ad da raɓa ke kan ganye, ko ka daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace ka yayyafa. 'Yan hudojin ganye ba sa hana kai girma in tsiron ya riga ya yi ƙarfi. Kuma kada ka shuka shi a inda ka cire kabeji.

Daga kwana 21 ka fara dubawa. Kada ka jira ya yi girman da zai burge ka, ku matasa komai sai babba. Da ka ga kafaɗa ta fito, faɗinta ya kai santimita 2 zuwa 3, tuge ɗaya ka matsa. In ya yi tauri ya kai, in ya lotsa ka makara. Da sassafe ake cirewa. Na gida ka yanke ganyen nan take, don ganyen ke zuƙe ruwan kan ya sa ya yi yaushi. Na sayarwa ka bar masa ganyensa, da shi mai saye ke gane na yau ne, ka wanke ka ɗaure ka rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. In babu firji, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, tana riƙe shi 'yan kwanaki.

Wata dabara kuma da ban cika gaya wa kowa ba: in za ka shuka karas, ka cakuɗa 'yan ƙwayoyin radish a layin. Karas yakan yi mako biyu ko fiye kafin ya leƙo, radish kuwa kwana huɗu ya fito ya nuna maka inda layin yake, ka yi cirar ciyawa ba tsoro. Kafin karas ya buƙaci wuri ka riga ka cire radish ka ci. Fangali ɗaya, amfani biyu.

Iri kuma ka kula. Na gwangwani ko takarda a rufe za ka saya, ka duba kwanan watan da ke jiki. Cherry Belle shi ne jan mai zagaye, French Breakfast mai ɗan tsawo da farin gindi. Wanda ake aunawa a cokali daga buɗaɗɗen gwangwanin da ya sha rana a kan tebur, ka bar musu abinsu. Kafin ka shuka ka ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana huɗu ko biyar ka buɗe. In ba su kai bakwai da suka tsiro ba, kada ka wahalar da kanka.

Wanda ke bayan gidanku yanzu ba zai gyaru ba, kada ka ƙara masa ko bokiti ɗaya. Ka tuge shi gobe da safe, ka zaɓi ganyen da bai tsufa ba ka kai wa mahaifiyarka, ana sa shi a miya yadda ake sa alayyahu, sauran ka ba awaki. Wurin ka zuba alayyahu ko kuɓewa, su ne ke son wannan zafi, kuma yuriyar da ka riga ka zuba ba za ta tafi a banza ba. Radish sai Nuwamba in Allah ya kai mu. Ranar Asabar ka zo lambu da wuri, akwai albasar da za mu kwashe, ka taho mini da takardar irin da ka saya in gani. Mai gidan abincin kuma kada ka amsa masa komai sai ka kawo shi gabana.